Ƙafa Huɗu, Awo Ɗaya: Sharhi Kan Ɗaura Wa Jif Tayar da Ba Tata Ba

Idan taya ta fashe wa mai mota a hanya, tambayoyin da yakan yi wa mai sayar da taya ba su wuce biyu: lamba nawa ce, kuma nawa ne kuɗinta. Idan wilinsa sha bakwai ne aka samo masa sha bakwai, mai faci ya ɗaura, ya ba ta iska, shi ke nan sai a kama hanya. A ƙaramar mota mai ja da ƙafa biyu, wannan gaggawa takan tsaya ne a kan saurin cinyewar taya da jan sitiyari gefe guda. A mota mai ja da ƙafa huɗu kuwa, ɓarnar na iya gangarawa har cikin kayan giya, waɗanda gyaransu kan ci kuɗin da ya fi na tayoyin huɗu gaba ɗaya.

Mutane sun rabu a kan wannan magana. Wasu na ganin dabarar 'yan kasuwa ce don a sayi taya huɗu maimakon ɗaya, kuma za su nuna maka Hilux da ta shekara tana aiki da tayoyi daban-daban ba abin da ya same ta. Wasu kuma za su ba ka labarin jif da giyarta ta ƙone wata biyu bayan an canja mata taya guda. Kowane ɓangare na da gaskiyarsa, domin motocin da suke magana a kai ba ƙira ɗaya ba ce. Bayan haka, ana cakuɗa matsala biyu da ya kamata a raba: saɓanin girma tsakanin tayoyin huɗu su da kansu, da kuma sa huɗun daidai da juna amma a girman da ya saɓa wa na kamfanin da ya ƙera motar.

Abin da rubutun jikin taya ke faɗa

A bangon kowace taya, wato gefenta da ake gani tsakanin wili da haƙoran da ke taka ƙasa, akwai rubutu irin wannan: 265/65 R17 112S. Wannan girma ne da ake yawan gani a Hilux da Prado. Lamba ta farko, 265, faɗin tayar ne a milimita. Ta biyu, 65, ita ce aka fi yi wa gurguwar fahimta, domin ba milimita ba ce, kaso ne: tsayin bangon tayar kashi 65 cikin ɗari ne na faɗinta, wato kimanin milimita 172. Harafin R na nufin irin saƙar da aka yi wa wayoyin cikinta, wadda ake kira radiyal, kuma kusan duk tayoyin motocin zamani haka suke. Sai 17, girman wili a inci, daidai da milimita 432. Wili shi ne ƙarfen da ake ɗaura tayar a kansa. Lamba 112 da harafin S na bayyana nauyi da gudun da tayar za ta iya jurewa.

Idan aka haɗa wilin da bango biyu, na sama da na ƙasa, tsayin wannan taya ya kama milimita 776. Juyi ɗaya da za ta yi a ƙasa zai ci mita 2.44, ke nan a kowace kilomita tana juyawa kusan sau 410. Wannan tsawon zagaye shi ne jigon maganar gaba ɗaya. Motar ba ta san faɗin taya ba, ba ta san sunan kamfaninta ba. Abin da kayan giyarta ke ji kawai shi ne sau nawa kowace ƙafa ta juya.

Shi ya sa lambar wili kaɗai ba ta isa shaida ba. Taya mai lamba 265/70 R17 za ta zauna daram a wili ɗaya da waccan, faɗinsu ɗaya, ido ma da ƙyar zai raba su idan ba a jera su ba, amma tsayinta milimita 803 ne, ta fi waccan da kashi 3.4 cikin ɗari. A ɗaya ɓangaren, 265/60 R18, wadda lambobinta biyu suka bambanta da na farkon, tsayinta milimita 775 ne, kusan babu bambanci. Wasu motocin ma da tayoyi iri biyu suke fitowa daga kamfani. Akwai BMW X5 da ke zuwa da 275/40 R20 a gaba da 315/35 R20 a baya. Na bayan sun fi faɗi nesa, amma idan aka lissafa tsayi, bambancinsu bai kai milimita ɗaya ba, kuma da gangan aka tsara hakan.

Ja da ƙafa huɗu iri-iri ne

A bakin jama'a duk doguwar mota jif ce, kuma duk wadda ke da giyar taimako ana cewa tana da ogzilari ko fowil. Amma da farko ba kowace jif ce ke ja da ƙafa huɗu ba. Akwai RAV4 da Highlander da CR-V masu yawa da ƙafafun gaba kaɗai ke jan su. Waɗanda ke ja da huɗun kuwa sun kasu gida uku.

Kafin rarrabe su, sai an san difaranshal, wato marabar juyi. Ita ce ke cikin ƙullutun ƙarfen nan da ake hangowa a ƙarƙashin mota tsakanin ƙafafun baya. Idan mota ta sha kwana, ƙafar waje tana cin tazara fiye da ta ciki, don haka dole ta fi ta juyawa. Marabar juyi ce ke ba da wannan dama ta hanyar wasu ƙananan giyoyi da ke motsi a lokacin kwana, su huta idan hanya ta miƙe. Sai akwatin raba ƙarfi, wanda bakanikai ke kira tiransifa. Yana manne da giyabos, kuma shi ke aika ƙarfin inji gaba da baya ta sandunan farfela.

Gida na farko shi ne motocin da direba ke sa wa ƙafa huɗu idan ya ga dama, irin Hilux da Land Cruiser ƙirar 70, masu alamar H2 da H4 da L4. A H2 ƙafafun baya kaɗai ke ja. Da an sa H4, sai tiransifa ta ɗaure farfelar gaba da ta baya su koma juyi ɗaya, babu maraba a tsakaninsu. Gida na biyu su ne masu ja da huɗun a kowane lokaci, irin Prado da manyan Land Cruiser da Range Rover. Su suna da marabar juyi ta uku a tsakiya, mai sasanta gaba da baya. Gida na uku, wanda yanzu ya cika titunan birane, su ne waɗanda ke tafiya galibi da ƙafa biyu, sai idan an ji zamewa wani kuloci ya kama ya shigo da sauran biyun. A sababbi kwamfutar mota ce ke ba da wannan umarni. A wasu tsofaffi kuwa wani gwangwani ne cike da fayafayen ƙarfe da ruwan silikon mai kauri, wanda ke ƙara riƙo idan fayafayen suka saɓa gudu.

Idan ƙafafun suka saɓa wa juna

A ɗauka an bar 265/65 R17 a gaba, aka sa 265/70 R17 a baya. A kowace kilomita na gaba za su juya sau 410, na baya kuwa ƙasa da 397. Bambancin juyi 13 zuwa 14 ke nan. Daga Kano zuwa Kaduna, tafiyar da ta haura kilomita 200, ya zama juyi sama da 2,700 da dole a sami inda za a shanye su. Wurin da ake shanye su ne ke bambanta daga mota zuwa mota.

A Hilux da ke H2, babu abin da ya haɗa gaba da baya, don haka kayan giya ba su ji komai ba. Wannan ne tushen shaidar masu cewa ba komai. Amma ranar da aka sa H4, sai lamarin ya zama tamkar shanun huɗa biyu a karkiya ɗaya, ɗaya mai dogon taku ɗaya mai gajere, kowane yana jan ɗan'uwansa, karkiyar ce ke shan wahala. A yashi ko taɓo, taya ɗaya takan ɗan zame ta sauke matsin. A busasshiyar burji ko kwalta babu zamewa, sai matsin ya taru a farfela da sarƙar cikin tiransifa da haƙoran giya. Direba zai ji sitiyari ya yi nauyi, motar na riƙewa kamar an ɗan taka birki, giyar ta ƙi fita daga H4 sai an yi baya kaɗan. Ko da tayoyi daidai suke, littattafan waɗannan motoci sun hana tafiya a H4 a busasshiyar kwalta saboda wannan matsi da kwana ke haifarwa. Saɓanin taya kuwa yana kawo shi har a miƙaƙƙiyar hanya.

A Prado da ire-irenta, marabar tsakiya ce ke ɗaukar nauyin. Tana iyawa, amma an ƙera ta ne ta yi aiki na ɗan lokaci a kwana, ba ta wuni tana juyi a kan gudun kilomita ɗari ba. Man cikinta zai yi zafi fiye da kima, ya rasa santsinsa, giyoyi da boris su fara cin juna. Wannan gida ya fi na uku haƙuri, sai dai haƙurin na da iyaka, kuma da zarar direba ya danna maɓallin kulle marabar tsakiya, motar ta koma halin Hilux a H4.

Gida na uku ne ya fi saurin jikkata. Kowace ƙafa tana da na'urar da ke ƙidaya juyinta ta aika wa kwamfuta. Idan kwamfutar ta ga na gaba sun fi na baya juyawa, fassararta ita ce na gaba suna zamewa, sai ta matse kulocin don a taimaka musu, alhali motar na kan lafiyayyar kwalta. Kulocin zai yi ta goguwa, ya yi zafi. Wasu motocin na kunna wutar gargaɗi su kashe jan ƙafa huɗun don kare kansu, wasu kuma sai kayan sun ƙone. Masu gwangwanin silikon ba su da mai yi musu gargaɗi. Zafi na yau da gobe yakan lalata ruwan har gwangwanin ya daskare, ya ɗaure gaba da baya dindindin. Land Rover Freelander ta farko, wadda ta fito a 1997, ta yi suna a wannan cuta: gwangwanin kan ƙage, daga nan ya ja akwatin raba ƙarfi ko marabar baya su bi shi, kuma saɓanin taya na cikin sanannun musabbabai.

Saɓani tsakanin dama da hagu a aksil ɗaya ya fi muni ta fuskar tuƙi, kuma wannan bai bar kowace mota ba, har da Hilux a H2. Ƙananan giyoyin maraba za su yi ta juyawa ba hutu, motar ta karkata, kuma idan aka taka birki da ƙarfi sai ta fizgi gefe, domin ƙafafun biyu ba riƙo ɗaya suke yi wa ƙasa ba. Na'urar ABS, mai hana ƙafa kullewa yayin birki, da na'urar hana mota zamewa, wadda Toyota ke kira VSC, duk da ƙidayar juyin ƙafafu suke aiki. Amurka ta wajabta na'urar hana zamewa a ƙananan motoci da jif-jif tun daga ƙirar 2012, kuma da yawa daga motocin da ake shigowa da su Nijeriya da Nijar daga can suke. Idan ƙidayar ta gurɓace, na'urar na iya sa baki inda babu buƙata, ko ta kashe kanta, direba ya rasa ta ranar da zai buƙace ta.

Abin da ya sa wannan ɓarna ke da wuyar ganewa shi ne jinkirinta. Ba a ranar da aka ɗaura tayar take bayyana ba. Sai bayan makonni ko watanni a fara jin kuka daga ƙarƙashin mota, ko girgiza a kwana. A lokacin an manta da maganar taya. Laifi sai ya faɗa kan bakanike, ko man giya, ko a ce ƙirar motar ce ba ta da ƙarko. A je kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa ko Panteka a sayo wata tiransifar a ɗaura a kan tayoyin nan dai, ita ma ta bi sahun ta farko.

Lamba ɗaya, tsayi daban

Ko rubutun ya zo ɗaya, ba a gama tsira ba. A ce sabuwar taya zurfin haƙoranta milimita 9 ne, tsofaffin da ke jikin motar kuwa saura 3. Milimita 6 a sama da 6 a ƙasa sun ba da bambancin tsayi na milimita 12, wato kashi ɗaya da rabi cikin ɗari, ko juyi 6 a kowace kilomita. Ƙa'idar da aka sani ga motocin Subaru, waɗanda kusan dukansu masu ja da ƙafa huɗu ne, ita ce kada zagayen wata taya ya bambanta da na sauran da fiye da rubu'in inci, kimanin milimita 6. Idan aka mayar da shi zurfin haƙori, bai fi milimita ɗaya ba. Wasu kamfanonin sun fi haka sassauci, shi ya sa littafin kowace mota ne alƙali. A Amurka har akwai masu sana'ar aske sabuwar taya da inji don ta zo daidai da sauran ukun.

Haka nan kamfani biyu za su iya buga lamba ɗaya a tayoyinsu amma tsayin ya ɗan saɓa, musamman idan ɗaya tayar kwalta ce ɗaya kuma mai manyan haƙora ta shiga daji. Ga bambancin riƙon ƙasa: idan aka haɗa su a mota ɗaya, ranar ruwan sama gaba da baya ba za su amsa birki da kwana iri ɗaya ba.

Huɗun daidai, amma sun fi na kamfani

Wannan ita ce matsala ta biyu, kuma ba ta taɓa tiransifa kamar ta farko, tunda ƙafafun na juyi tare. A nan ne ake amfani da ƙa'idar da masu taya suka saba faɗa, cewa kada tsayin sabuwar taya ya yi nesa da na asali da fiye da kashi 3 cikin ɗari. Kuskuren da ake yi shi ne ɗaukar wannan kashi ukun a matsayin izinin bambanta gaba da baya. Tsakanin ƙafafun mota ɗaya, kashi uku ɓarna ce babba.

Masu ƙara girman taya suna da hujja. Doguwar taya na ɗaga cikin mota daga ƙasa, ta fi tsallake rami, kuma idan aka rage mata iska a cikin yashi takan shimfiɗu ta hana nutsewa, abin da direbobin hamada a arewacin Agadez suka daɗe da sani. Sai dai ribar ba ta kai yadda ake zato ba. Wanda ya tashi daga 265/65 R17 ya koma 285/70 R17 ya ƙara tsayin taya da kusan milimita 55, amma rabin wannan ne kaɗai ke ɗaga motar, wato ƙasa da santimita 3. Abin da ya biya kuwa ya fi haka. Maleji zai riƙa nuna gudu ƙasa da na gaskiya da kashi 7 cikin ɗari idan aka kwatanta da yadda yake a da, ta yadda 120 a allo ya zama kusan 128 a ƙasa, alhali a Nijeriya iyakar gudun motar gida a babbar hanya 100 ne. Lissafin kilomitocin da ake dogara da shi wajen juyen baƙin mai shi ma zai riƙa yin baya.

Birki ne ya fi damuwa. Ƙarfin da yake matse faifai da shi bai canja ba, amma yanzu yana tsayar da ƙafa mai tsawo da nauyi, don haka tazarar tsayawa ta ƙaru. Inji zai ji kamar an ɗora shi a giyar da ta fi ƙarfinsa, motar ta yi nauyin tashi, shan mai ya ƙaru, giya mai canja kanta ta riƙa kai da komo a hawa tana ɗaukar zafi. Boris na ƙafa da ƙarafan sitiyari da shokazoba duk za su ɗauki kayan da ba a auna musu ba. Idan aka murɗa sitiyari har ƙarshe, ko motar ta faɗa rami da kaya, tayar na iya gogar madigadi ko ƙarfen ƙafa, wani lokacin har robar man birki. Sannan jif dama doguwa ce, nauyinta na sama, duk abin da ya ƙara mata tsayi ya ƙara mata saurin kifewa idan aka kauce wa wani abu ba shiri.

Akwai kuma masu bin kishiyar hanya don ado: babban wili mai inci 20 ko 22 da siririyar taya. Taya 265/50 R20 tsayinta milimita 773 ne, ta dace da awon Prado, don haka maleji da giya ba su da ƙorafi. Amma bangonta ya sauko daga milimita 172 zuwa 132, kuma bangon nan shi ne katifar da ke tsakanin wili da bakin rami. A hanyoyinmu sakamakon sananne ne: ƙulu a gefen taya, wili ya lanƙwashe ko ya tsage. Haka ma cusa faffaɗar taya a siririn wili, ko miƙe siririya a faffaɗa, yana hana leɓen tayar zama yadda ya kamata, ta iya suɓucewa a kwana idan iska ta yi ƙasa.

Nauyi, gudu da zafi

Lamba 112 na nufin tayar na ɗaukar kilo 1,120 idan iskarta ta cika. Da 104 ce, kilo 900 ne, ragin kilo 220 a kowace ƙafa, fiye da buhun masara biyu. Harafin S kuwa iyakar gudun kilomita 180 ne a awa, T 190, H 210. Taya na iya dacewa a tsayi da faɗi amma ta gaza a nauyi, kuma wannan kuskure ne da ba ya jiran watanni. Tayar da aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinta tana lanƙwasa fiye da kima a kowane juyi, lanƙwasar na haifar da zafi, zafin na raba roba da wayoyin ciki. A bazarar Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin iska kan haura digiri 40 kwalta kuma ta fi haka, tazarar da ke tsakanin lafiya da fashewa ƙanƙanuwa ce.

Duniya ta ga abin da fashewar taya ke yi wa doguwar mota a shekarar 2000, lokacin da kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 a Amurka, bayan haɗurran da suka yi ta rutsawa da jif ƙirar Ford Explorer, inda bayan taya ke ɓallewa motar ta kife. Matsalar ta fi bayyana a wurare masu zafi, har da Saudiyya da Benezuwela. Ba saɓanin girma ne ya jawo wancan ba, ingancin tayar da yawan iskarta aka yi ta jayayya a kai, amma ya nuna cewa fashewar da ƙaramar mota za ta iya sha ta tsaya a gefen hanya, jif na iya wuntsilawa da ita.

Dalilin da ya sa abin ya yawaita

Ba duka ne jahilci ba. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ta daina ƙera taya a Legas a 2008, Nijeriya ta dogara kusan kacokan a kan tayoyin waje, farashinsu na bin dala. Faɗuwar darajar naira daga 2023 ta sa sayen sababbin tayoyin jif huɗu a lokaci ɗaya ya gagari mutane da dama. Sai aka koma sayen ɗaiɗai, ko kuma 'yan Beljiyam, wato tayoyin da aka yi amfani da su a waje. Shigo da irin waɗannan na cikin jerin kayan da hukumar kwastam ta haramta, amma kasuwa cike take da su, kuma da wuya a sami huɗu masu kamfani ɗaya, lamba ɗaya, cinyewa ɗaya.

Faɗakarwar hukuma ma ta fi karkata wani gefe. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ta yi ƙoƙari wajen koya wa direbobi karanta ranar ƙera taya, lambobi huɗun nan da ke nuna mako da shekara, kamar 2322 da ke nufin mako na 23 na 2022, kuma tana ɗaukar shekara huɗu a matsayin wa'adin taya. Wannan ya shiga kunnen jama'a. Maganar daidaiton girma da lambar nauyi kuwa ba ta sami irin wannan yayatawa ba, ga shi mai faci, wanda shi ne mutum na ƙarshe da ke taɓa tayar kafin ta hau titi, yawanci a ƙananan motoci da babura ya koyi aikinsa.

Ina gaskiyar take tsakanin ra'ayoyin?

Masu cewa an cika zuzuta abin suna da hujja mai ƙarfi guda ɗaya: babu motar da tayoyinta huɗu suke daidai ɗari bisa ɗari, kuma injiniyoyi sun bar sarari don ƙaramin bambanci. Gaskiya ne. Wanda tayoyinsa ba su daɗe ba, ɗaya ta haɗu da ƙusa a bango, ba sai ya zubar da sauran ukun ba. Ya nemi irinta sak, kamfani ɗaya da lamba ɗaya. Mai Hilux da ke yawo a H2 zai iya canja biyu-biyu, muddin kowane aksil tayoyinsa iri ɗaya ne kuma lambar huɗun ɗaya ce.

Inda hujjar ta gaza shi ne ɗaukar haƙurin Hilux a yi wa CR-V ko Lexus RX mai ja da ƙafa huɗu hukunci da shi. A irin waɗannan, idan ukun sun ci rabin rayuwarsu, sabuwa guda a tsakaninsu caca ce da tiransifa, kuma a nan shawarar canja huɗun tare ba wayon ɗan kasuwa ba ne. Wanda kuɗinsa bai kai ba, ya fi masa ya nemi taya mai lafiya da cinyewarta ta yi daidai da na jikin motar, da ya sa sabuwa fil da ta fi su tsayi. Game da ƙara girma kuwa, mai aikin daji na da uzurin da mai yawon gari ba shi da shi, da sharaɗin ya canja duka har da safaya, ya tabbatar ba ta gogar komai, ya kuma san malejinsa ya daina faɗa masa gaskiya.

Awo kafin biya

Girman da kamfani ya tsara da yawan iskar da ya dace suna rubuce a wata 'yar takarda da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba, da kuma cikin littafin mota. Wannan ne abin dubawa, ba tayar da aka tarar a jikin motar ba, domin motar hannu na iya zuwa da kuskuren mai ita na farko. Idan ana shakka, awon na da sauƙi. A daidaita iskar huɗun da geji, a tsayar da motar a shimfiɗaɗɗen wuri, a yi wa kowace taya alama da alli a daidai inda ta taɓa ƙasa, sannan a gangara a miƙe har ɗaya ta cika juyi goma. Idan tayoyin daidai suke, alamomin za su sauko ƙasa tare. Bambancin kashi ɗaya cikin ɗari zai sa alama ta kauce da kashi ɗaya bisa goma na zagayen, abin da ido ba zai rasa gani ba. Musanya wa tayoyi wuri, na gaba su koma baya, duk bayan kilomita 8,000 zuwa 10,000 shi ke sa su cinye tare tun farko.

Safaya ce aka fi mantawa. Da yawa ta shekara biyar a ƙarƙashin mota ba ta taɓa ƙasa ba, ko kuma tana nan a girman asali bayan an ƙara wa sauran huɗun girma. 'Yar siririyar safayar da ke zuwa da wasu ƙananan jif-jif an yi ta ne don a lallaɓa zuwa wurin mai faci, a gudun da bai wuce kilomita 80 a awa ba. Idan dole ta sa aka ɗaura safayar da ta saɓa wa sauran, a bar motar a H2 idan tana da shi, kada a kulle marabar tsakiya, a rage gudu, a kuma sauke ta a garin farko da aka sami tayar da ta dace.